Ranar Niƙa Takardu

Ɗakina yana ƙarƙashin kwalejinmu ta Valdivia,
inda kogi ke turo danshinsa ta bango
har kwalaye su kumbura kamar ƙafar mai ciki.
Shekara ashirin da shida ina nan, ni Eulalia Catrileo,
makulli a wuya, hanci ya saba da warin tsohuwar takarda.

Doka tana manne a bayan ƙofa:
sakamakon jarrabawa, a ajiye har abada;
rasidin kuɗin makaranta, shekara shida;
wasiƙar neman uzuri, biyar, daga nan sai bakin inji.
Ba ni na tsara ba. Bi kawai nake yi.

Yau Talata, motar masu niƙa za ta zo ƙarfe uku.
Matías, yaron da aka ba ni ya taya ni,
yana ɗaure kwalaye yana fito da baki.
Shi ba ya karantawa, lambar gefe kaɗai yake dubawa.
Ya fi ni wayo.
Ni ce mai leƙe.

A kwali na sha ɗaya na ci karo da Hernán Paillalef,
biro shuɗi, rubutu ya kwanta kamar ciyawa a iska:
"A yi mini afuwa, ban zo jarrabawar lissafi ba.
Kwalekwalen babana bai dawo daga teku ba.
Kwana tara muna bakin ruwa a Corral da fitila."
Can ƙasa wani ya buga hatimi: An gani.
Ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Na tashi na buɗe babban kundi, wanda ba ya mutuwa.
Ga Hernán. Lissafi: ya faɗi.
Zango na gaba babu sunansa.
Wannan layin zai kai shekara ɗari ana kaɗe masa ƙura,
dalilinsa kuwa yau zai zama gari.
Wanda zai gaje kujerata ya buɗe ya ce, rago ne,
bai san ruwa ba ya tsami banza ba.

Na riƙe wasiƙar. Aljihun rigar sanyina a buɗe yake.

Amma a kwalin nan dai, ƙarƙashinta,
akwai yarinyar da aka kama da amsa a tafin hannu,
yanzu ita ke auna mini jini a asibiti.
Akwai takardar likita ta wani da ba ya son a sani,
akwai bashin wata uwa, da roƙonta shafi uku.
Su injin nan rufin asiri ne gare su.
In na fara zaɓen wanda zan ceta,
wa ya naɗa ni alƙali?
Hernán ma, wa ya ce yana so baƙuwa ta kwana da kukansa?

Na karanta ta sau uku, a hankali, kamar mai hadda.
Kaina dai ba ya cikin jadawalin bayan ƙofa,
ko da yake shi ma yana da nasa wa'adin
da ba a nuna mini ba.
Na mayar da ita. Matías ya ja igiya ya ƙulle.

Motar ta makara da minti arba'in, ruwa ya hana.
Direban ya ɗora a sikeli: kilo ɗari huɗu da sha biyu.
Na sa hannu a takardar shaidar hallakawa.
Ita wannan, in ji doka, a ajiye ta har abada.

Da yamma na bi ta kasuwar bakin kogi sayen kifi.
Wani saurayi ya naɗe mini a jarida, hannunsa duk ɓawo.
Na kusa tambayar sunansa.
Na karɓi canjina, na buɗe lema.